Baba da jarkokinsa biyu

Wata huɗu ke nan Baba yana ɗaga jarka a tsakar gidanmu nan Jekadafari a Gombe, har yau in maƙwabta suka leƙo sai ka ji "Alhaji lafiya dai, da girmanka?" Shekararsa 68. Jiri ne ya jawo, in ya miƙe daga zaman tahiya sai duhu ya rufe masa ido sai ya dafa bango tukun, ran da ya zube a ƙofar masallaci wallahi ban yi barci ba.

Likitan da muka gani Allah ya saka masa, ya duba maganin hawan jinin Baba sannan ya zaunar da mu. Ya ce zuciya ba kai ke tuƙa ta ba, akwai jijiyoyi masu aiki da kansu, wasu totur wasu birki, birkin shi ne jijiyar vagus da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta gangaro ƙirji. Ashe lafiyayyar zuciya ma ba ta bugawa daidai kamar agogo, in ka ja numfashi ta ɗan ƙara sauri in ka sauke ta lafa, to da tsufa wannan sauyin ke raguwa, mutum ya miƙe jini ya taru a ƙafa zuciya ba ta amsa da wuri ba, shi ne jirin. Naman ƙafa kuma shi ke taya tura jinin sama, na Baba duk ya zube tun da ya yi ritaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Namu ba wani zuwa gidan motsa jiki, jarka biyu ce kowace da ruwa lita 4 a ciki, kilo 4 ke nan, Litinin da Alhamis bayan la'asar, ya zauna a benci ya tashi sau goma, ya yi ɗage ya sauka. Sauran ranaku tafiya, don likita ya ce ita ta fi gyara birkin.

Inda muka fi shan fama riƙe numfashi, Baba in zai ɗaga sai ya cije ya ƙi numfasawa, wannan kuwa harba jini sama yake yi nan take, dole nake tsayawa kusa ina cewa "Baba fitar da iska, fitar".

Jiya ya ce in cika masa zuwa lita 5, na ce Baba a yi haƙuri sai mun koma asibiti ran Talata an auna.