Lambar 255 da abin da ta jawo mani a wurin aiki

Ƙarshen watan nan zan bar kamfanin, shi ya sa nake rubuta wannan saboda ƙannenmu da za su gaji aikin kanel ɗin bod ɗinmu, wato zuciyar manhajar Linux da ke sarrafa allon lantarkin na'urorinmu, don na san ba wanda zai zaunar da su ya faɗa masu.

Kun dai san na'urorin da muke liƙawa a rijiyoyin sola na ƙauyukan Daura, Zango da Baure, Linux ce a cikinsu. To in aka ce na'ura ta yi ristat, kowane direba (guntun manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar) da ya iya sake tayar da ita yana yin rajista ne da register_restart_handler ya ba da lambar fifikonshi, sai kanel ta riƙa kiransu daga babbar lamba zuwa ƙarama har wani ya yi nasara. Guenter Roeck ne ya kawo tsarin a 2014, a Linux 3.18, kuma bayanin na nan ƙarara a fayil ɗin kernel/reboot.c: 0 na wanda ake nema in komai ya ƙi, 128 na yau da kullum in zai iya tayar da na'urar gaba ɗaya, 255 kuma na wanda zai sha gaban kowa.

Bod ɗinmu hanya biyu gare shi. Akwai wocdog, agogon gadi na cikin furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) mai sake tayar da ita in ta maƙale, shi furosesar kaɗai yake tayarwa, akwai kuma cif ɗin wuta da ke yanke wutar bod duka sannan ya maido. Ni na ba cif ɗin wuta 192, wocdog na bar shi a 0. Oga ya gani ya ce a'a, wocdog ya fi sauri, "Malam ka sa mashi 255 kawai mu wuce wurin". Na ce ranka ya daɗe akwai matsala, katin memori in ya hau babban gudu yana sauka daga bolt 3.3 zuwa 1.8, kuma ba ya komawa sai an yanke mashi wuta, ita kuwa furosesa in ta farka da 3.3 take neman katin, ka ga ba zai amsa ba ke nan. Ya ce ai an gwada a ofis ya yi. Eh ya yi, amma da tsofaffin katuna marasa gudu aka gwada, na cikin rijiyoyin sababbi ne. Na faɗa na sake faɗa, ƙarshe na sa 255 tunda shi ke da ta cewa.

Ranar da muka tura afdet sai na'urori suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya wurin ristat. Ba abin da ya lalace fa, cire wuta da maidowa kawai suke buƙata, amma sai mutum ya je da ƙafarshi. Haka muka yi ta hawa acaɓa cikin zafin bazara muna bin ƙauyuka, wani wurin famfo ya tsaya mata da yara sun yi layi da jarkoki suna kallonmu. Wallahi wannan kallon ya fi komai ci mani rai.

A mitin kuwa oga ya ce "mai kula da kanel" ne ya yi sakaci. Sunana ne a kan canjin, shi umarnin baki ya ba ni, me zan nuna? Shiru na yi, kuma har yau abin na nan a raina.

Saura a taƙaice. Kar ku ba hanyoyi biyu lamba ɗaya, don wanda ya riga rajista shi za a fara kira, kuma wannan jerin na iya canzawa ba ku sani ba. Lokacin ristat ba a barci (tsayawa jira) a cikin handila, wato aikin direban da kanel ke kira, in cif ɗin wuta ta layin sadarwa na I2C ake mashi magana ku tabbatar direban ya iya aiki a wannan yanayin. Sabon tsarin register_sys_off_handler da ya zo a Linux 5.19 kuma 0 ce lambar yau da kullum a wurinshi, kar ku kwafo tsohuwar ma'ana. Ku yi gwaji da ainihin katin da ke cikin rijiya. In aka sa ku canza lamba da baki, ku rubuta wanda ya ce da dalilinshi a cikin bayanin canjin.

Gyaran na nan a reshen kod ɗin da na bari, cif ɗin wuta 192, wocdog 0, na gwada shi da sababbin katuna ya tashi lafiya lau. Sa hannun oga kawai yake jira, don Allah ku bi shi kafin afdet na gaba.