Godiya ga waɗanda suka yi jinyar Baba

Alhamdulillahi, jiya aka sallami mahaifinmu bayan kwana 9 a asibiti, kuma da ƙafarsa ya taka har bakin mota.

Mun daɗe muna ɗaukar jirin da ke damunsa gajiya ce kawai. Sai ranar da ya ɗaga kai zai ɗauko wani abu a sama, hajijiya ta kwashe shi, ya ce yana ganina biyu-biyu. Likita ya yi mana bayani cewa jijiyoyin nan biyu da ke bi ta ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa, inda ake daidaita tsayuwa da tafiya, su ne suka tsuke. Hawan jini da shekaru suka jawo.

Likitoci, mun gode. Amma ma'aikatan jinya ne suka kwana da mu. Tun daren farko suka ɗaga ƙarfen gefen gado, suka hana a ba shi ko ruwa sai da suka gwada haɗiyarsa, domin wannan ciwo kan taɓa maƙogwaro, mutum ya shaƙe. In amai ya taso, su juya shi gefe. Suna auna hawan jininsa yana kwance, su sake aunawa yana tsaye; suka ce in lambar sama, cikin lambobi biyun da awon ke nunawa, ta sauka da 20, to tashin ma haɗari ne.

Sistar da ke aikin dare ba zan manta da ita ba. Baba mutum ne mai son yi wa kansa komai, kunyar a riƙe shi zuwa banɗaki yake ji. Ba ta taɓa yi masa tsawa ba. Sai ta ce, “Baba, ku zauna a bakin gado tukuna, mu ƙirga tare.” Dare na uku ita ta lura harshensa ya yi nauyi, ni kuwa ina zaune kusa da shi ban ji ba. Nan take ta sa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ta kira likita. Daga baya ta zaunar da mu ta ce karkacewar baki, mutuwar hannu ko harɗewar magana alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ko sun wuce cikin minti kaɗan kada mu jira gari ya waye.

'Yan uwa da abokan arziki da suka zo dubiya, da masu kira, da masu addu'a daga nesa, Allah Ya bar zumunci.

Sista, Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan magabatanki. Baba ya ce a gaya miki yau da asuba ma sai da ya zauna ya ƙirga kafin ya miƙe.