Sati biyu ina bin layin asibiti da agogo

Tun kafin a kira sallar asuba mutane ke ajiye takalmi ko dutse a ƙofar ɗakin kati don kama layi. A sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida, a asibitin da nake aiki, kowa ya yarda ƙarancin likitoci ne matsalar. Ni ma haka na ɗauka.

Na yi sati biyu da agogo da littafi, ina rubuta lokacin da mutum ya yanki kati, lokacin da nas ta auna masa jini, da lokacin da ya karɓi magani. Sannan na kwaikwayi sashen a kwamfuta da manhajar SimPy, kowane majiyyaci yana bin tagogi ɗaya bayan ɗaya.

A gwajin farko na ba kowa tsawon lokaci iri guda a gaban likita, sai layi ya tafi sumul. Babbar nas ta leƙo ta ce, “Malam, wannan ba asibitinmu ba ne.” Gaskiyarta. Yaro mai mura ba ya daɗewa, amma dattijo mai ciwon suga da fayil ɗinsa ya ɓata zai tsayar da mutum goma a bayansa. Da na saka wannan bambancin, cunkoson ya fito yadda muka san shi.

Sai na ƙara likita biyu a kwamfutar. An gudu ba a tsira ba: jama'ar suka koma suka taru a tagar magani, wadda guda ɗaya ce. Wannan ya tayar min da hankali, domin likitocin muke shirin roƙo.

Lissafin da wani masani ɗan Amurka, John Little, ya tabbatar a 1961 ya taimaka min wajen yi wa shugabanni bayani: idan mutum 30 na shigowa duk awa, kowa yana yin awa 3, to mutum 90 ne a zaure. Ko a rage jira, ko a sayi benci.

Na kuma gwada shawarar da masanin ƙididdiga Norman Bailey ya bayar a Ingila a 1952: a kira mutum biyu da farko, sauran a rarraba musu lokaci. Ta yi kyau a allo, amma matar da ta biyo motar ƙauye ba ta da ikon zaɓen lokacin isowarta. Don haka muka bar wa mutanen karkara safiya, 'yan gari masu dawowa awo muka ba su bayan azahar, muka buɗe taga ta biyu a ɗakin magani.