Wa'azin tsuntsaye a gaban rumbu

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya ɗauke ni a motarsa in je in ga makarantar da ya buɗe. Aji 6, sabon kwano, fenti har da hoton raƙumin dawa a bango. Muna ofishinsa wata malama ta yi sallama, ta rusuna, ta ce ko za a samu wani abu daga albashin wata 2 da suke bi. Yaron nan ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba. Ya ce, "Malama, koyarwa aikin Allah ne. Ku ƙara haƙuri, wanda yake ciyar da tsuntsaye ba zai manta da ku ba." Ta ce to, ta fita. Ya juyo yana murmushi, ya ce, "Kawu, ai a wurinka na koya."

Ruwan da na kurɓa ya ƙi wucewa, don ba ƙarya ya yi mini ba.

Shekara 11 na yi ina hedimasta a wata ƙaramar firamare da cocinmu ya buɗe a ƙauye. Iyayen yara manoma ne, sai kaka ake ganin kuɗinsu, saboda haka daga Yuni zuwa Satumba asusun makaranta ko sisi babu. Malamai 7 ne a ƙarƙashina, albashin nan kaɗai suke da shi. Ni kuwa ina da gonar gado, ina da injin niƙa a bakin kasuwa, matata tana ɗaukar albashin ƙaramar hukuma.

Wata damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, malamin aji 4 ya same ni a gida da almuru. Ya tsuguna a ƙofar gida yana murza hularsa, ya ce in ranta masa tiya 5 ta masara zuwa kaka. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma, na ɗauko Littafi Mai Tsarki, na buɗe Matta sura 6, na karanta masa batun tsuntsayen sama, waɗanda ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu. Da na kai kan kalmar rumbu sai ya ɗaga ido ya kalli bayana. Rumbuna biyu ne a wurin, kaji suna tsattsagar abin da ya zube a gindinsu. Ya sunkuyar da kai. Na ba shi tiya 1, na yi masa addu'a mai tsawo.

A yi mini adalci dai. Ban taɓa cin kwabon makaranta ba. Masarar nan gumina ce, ina da 'ya'ya 6 ga marayun yayana 2, kuma in na ba mutum ɗaya tiya 5, gobe sauran malaman suna ƙofar gida. Har yau in na lissafa ina ganin lissafina daidai ne. Sai dai lissafin bai taɓa goge mini kallon da ya yi wa rumbun nan ba.

Abin haushin, an yi mini hannunka-mai-sanda tun kafin wannan. Wani tsohon Fada ya ba mu labarin Waliyyi Yohanna Mai Baftisma de La Salle a taron malamai, na zauna a gaba ina gyaɗa kai, ina tsammanin da wasu yake.

An haifi La Salle a 1651 a birnin Reims na Faransa, a gidan masu hali. Tun yana matashi aka ba shi kujera cikin manyan ma'aikatan babban cocin birnin, kujera mai albashi da daraja, ya zama firist a 1678. Bai yi niyyar buɗe makaranta ba. Wani mutum mai suna Adrien Nyel ne ya zo Reims a 1679 don buɗe wa 'ya'yan talakawa makarantar kyauta, La Salle ya taimaka masa, sai ya waye gari kula da malaman ta koma wuyansa. Malaman kuwa talakawa ne marasa ilimi mai zurfi. Shi da kansa ya rubuta cewa da farko yana ganinsu ƙasa da baran gidansa, kuma da ya san inda abin zai kai shi da bai fara ba. Wannan maganar ce ta sa nake ƙaunarsa, domin waliyyin da bai taɓa raina mutum ba ban san me zai gaya wa irina ba.

Ya fara kiransu cin abinci a gidansa, daga baya ya zaunar da su a gidan, dangi suka ga ya zubar musu da mutunci. Da malaman suka fara damuwa da makomarsu, sai ya yi musu wa'azin dogara ga Allah, irin wanda na yi, da tsuntsayen da furannin jeji. Su kuwa ba su sunkuyar da kai ba. Suka gaya masa a fuska cewa maganar tana da sauƙi a bakinsa: in makarantun suka rushe, shi yana da kujerarsa da gadonsa, su kuwa sai bara. A 1683 ya ajiye kujerar. A yunwar da ta biyo baya a hunturun shekarar ya rabar da dukiyarsa wajen ciyar da mayunwata, ya koma cin abin da malamansa suke ci.

Akwai wurin da har yau ban yarda da shi ba. Kuɗin nan bai zuba su a makarantun ba, wani firist mai suna Nicolas Barré ya ba shi shawarar ya kafa aikin a kan tanadin Allah kaɗai. Ni da zan ce a biya malamai albashi da su. Kuma talaucin bai riƙe masa kowa da kowa ba. A 1691 shi da mutum biyu suka yi wa'adi ba za su rabu ba ko da za su koma bara da cin gurasa zalla, amma ɗayansu, Nicolas Vuyart, daga baya ya tafi. To amma ƙungiyar malaman da ya kafa, 'Yan'uwan Makarantun Kirista, tana nan har yau a ƙasashe da dama, La Salle ya rasu a Rouen a 1719, aka ayyana shi waliyyi a 1900, Paparoma Pius na 12 ya mai da shi majiɓincin malaman makaranta a 1950. Ni da na iya lissafi, makarantata ta rufe shekara 3 bayan na bar ta.

A makarantunsa akan tsayar da darasi lokaci-lokaci a tuna wa kowa cewa a gaban Allah ake. Kuma da Faransanci ya sa a koya wa yara karatu, harshen da suke ji a gida, ba Latin ba. Ɗan ƙanwata kuwa tara yake cin yaron da ya yi Hausa a harabar makaranta, ya sa hoton waliyyi a Facebook ranar malamai. Ku yaran yanzu sunan "mai makaranta" kuke so tun ba ku taɓa cin ƙurar alli ba, kowa na son ofis da fanka.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, na duba na ga ba ni da su. Ku biya malamai kafin ku sa wa mota mai. In babu kuɗin, ku ce babu, ku ba da haƙuri da bakinku, kada ku ɗauko Littafi Mai Tsarki ku toshe bakin mai jin yunwa da shi. Ba na ce ku rabar da dukiyarku ba, ku ba waliyyai ba ne, kuna da iyali, kuma wanda ya talauta kansa da gangan a ƙasar nan dariya za a yi masa. Amma motar nan, ni da za a sayar da ita a biya wata biyun da ban ce komai ba.

Malamin aji 4 ya bar mu da kaka ta yi, bayan ya aiko yaro da tiya 1 ɗin da na ba shi. Bayan shekaru na tsayar da ɗan acaba a cikin gari, sai da na sauka ya cire hular kwano na gane shi. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce, "Bar shi, Hedimasta, ai tsuntsaye ma suna ci." Yana dariya ya faɗa, ban san ko da zuciya ɗaya ba.

A hanyar komawa gida na so in ba ɗan ƙanwata duk wannan labarin. Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Ka biya matar nan ranar Litinin." Ya ce, "Kawu, ba ka san yadda abubuwa suke ba yanzu," ya ƙara muryar rediyo.