Asabar: hannu cikin fenti

Yau babu makaranta, don haka ina dawowa daga masallaci na ɗaure akoko a kan katako na shafa masa farin fenti. Hunturun bana da zafin rai yake. Kafin in gama haɗa launi ya fara bushewa a faranti, sai na riƙa yayyafa masa ruwa. Hoton wani soro nake yi na cikin birnin Zariya, irin mai dagi a saman ƙofa, wanda damina ta cinye rabin zanensa.

Da hantsi wani abokina da muka yi karatun zane tare a Jami'ar Ahmadu Bello ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, wai har yanzu kana taɓawa?" Na ce masa wallahi ban daina ba. Shi ya koma kasuwanci, buroshinsa na cikin akwati. Ban ga laifinsa ba, iyali sai da abinci. Amma na ji muryarsa ta canza da muka ɗauko hirar Samaru: yadda ake ajiye mana tulu a tsakiyar aji mu yini muna zana shi da gawayi, malami ya zo ya goge da yatsa ya ce mu sake kallo. A lokacin haushi muke ji. Yanzu da nake koyar da yara, na san cewa ido yake gyara mana, hannu daga baya yake bi.

A wannan wurin ne, a 1958, tun yana kwaleji kafin ya zama jami'a a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Cewa suka yi za su karɓi dabarun Turawa, amma abin zanawa daga gida zai fito. Okeke ya koma wa uli, wato zanen gargajiya da Ibo ke yi a jiki da bango. Ni kuwa bangon garinmu na komawa, kuma har gobe ina jin su suka buɗe mini wannan ƙofa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Onobrakpeya: a 1932 aka haife shi, amma a 1998, yana da shekara sittin da 'yan kai, ya fara tara masu zane a Agbarha-Otor ta jihar Delta don su yi aiki tare lokacin hunturu. Na faɗa wa abokina wannan, ya yi shiru, can ya ce zai duba akwatin.

Bayan la'asar na gama inuwar zankayen, saura ƙofar. Fenti ya yi tsada ƙwarai, shuɗin nawa ya kusa ƙarewa. Ran Litinin zan tafi wa 'yan ajina da gawayi da tulun gidanmu.