Ciyawar kwabo a gindin famfon alwala

Duk wanda ya taɓa yin damina a Agege ya san abin da jar ƙasa take yi wa bango. Bayan gidanmu akwai wani ɗan lungu tsakanin katanga da kicin, faɗinsa bai fi taku uku ba, tsawon kuma zai kai mita 7, magina suka tafi suka bar shi haka ba siminti ba intalok, to da an yi ruwa sai ya koma caɓi, ruwan kwano ya dinga dukan ƙasa yana fallatsa wa bango, farin fentin da muka sha wuya kafin mu biya ya koma kamar an watsa masa manja. Maigidan tun shekarar farko yake cewa a kira birkila a malale wajen da siminti kowa ya huta. Ni na hana. Ni fa 'yar Zariya ce, gidan da na tashi akwai gwaiba akwai lemun tsami akwai lalle a bayan ɗaki, ban iya zama inda ko ina ka juya siminti ne ba, zafin garin nan kaɗai ma ya ishe mu.

A Instagram na fara ganinta. Wata 'yar shuka mai rarrafe, ganyenta ƙanana kewayayyu ruwan ɗorawa, ta shimfiɗu tsakanin duwatsu sai ka ce darduma, a wani hoton kuma ta zubo daga bakin tukunya kamar kitson da aka tsefe. Turawa suna ce mata creeping jenny. Da yake ni in abu ya shiga raina sai na ga ƙwal uwar daka, na bi diddiginta, ashe sunanta na kimiyya Lysimachia nummularia, wani masanin tsirrai ɗan Suwidin Carl Linnaeus shi ya rubuta ta da wannan sunan a 1753, kuma nummularia ɗin daga kalmar Latin ta kuɗin ƙarfe aka samo shi. A Ingila akwai tsohon sunan da suke kiranta da shi wanda ma'anarsa ganyen kwabo biyu, don ganyen bibbiyu suke fitowa suna kallon juna a jikin reshe, kamar an jera silalla a zare. Tun daga nan sunanta a gidanmu ya zama ciyawar kwabo, duk da sai da na zauna na yi wa yara bayanin mene ne kwabo tukuna, auta har tana tambaya ko ana tura shi ta waya.

Abin da na karanta da idona amma na yi kamar ban gani ba shi ne asalinta. 'Yar Turai ce. Can a bakin rafi take fitowa da gefen kududdufi da fadamu masu laima, ƙanƙara ta rufe ta watanni ta narke ta tarar da ita da ranta. Wato shuka ce da aka halitta wa sanyi, ni kuma ina so in kawo ta garin da a watan Fabrairu da Maris rana take haura digiri 30 kullum, dare ma ba wani sauƙi, in ba wuta sai ka kwana kana fifita. So hana ganin laifi.

Samunta ma wani aiki ne. Masu fulawa na bakin titi a wajajen Ikeja, kowa na nuna wa hoton sai ya ce akwai Hajiya, akwai, sai ya jawo min wedelia. Don Allah in za ku nema ku kula da wannan. Wedelia ita ce wannan mai rarrafen da ake gani a gefen tituna da gaban ofisoshi, ganyenta kore mai kaushi da ɗan tsaga a gefe, furenta ruwan ɗorawa kamar ƙaramar fulawar rana, asalinta daga yankin Amurka ta Tsakiya, ita kam ko a kan tsakuwa ka jefar da ita za ta kama. Wani kuma ya kawo min yelo bush wadda ake yin shinge da ita, ya rantse min in na dinga aske ta za ta kwanta. Ita ciyawar kwabo ganyenta santsi ne da laushi, ba gashi ba tsaga, bai wuce girman farcen babban yatsa ba, kuma ba ta tashi sama, duka-duka tsayinta daga ƙasa bai fi santimita 5 ba. Sai a wajen wani dattijo na same ta, shi ma ba a ƙasa ba, a tukwanen roba ya rataye ta ƙarƙashin rumfa. Na ce Baba a ƙasa zan shimfiɗa ta, ya dube ni ya ce 'yata wannan ba ta son rana fa, na ce na sani Baba. Tukunya biyu na saya.

Dashenta ba wuya, wannan kam gaskiya ne. In ka ɗaga reshe ka duba, duk gaɓar da ganye biyu suka fito akwai 'yan fararen saiwoyi a ƙasanta ko alamar za su fito, da haka take tafiya, ta miƙa ta kafa saiwa ta sake miƙawa. Sai na sa almakashi na yayyanka kamar tsawon ɗan yatsa zuwa tafin hannu, kowane da gaɓa uku ko huɗu, na kwantar da su a ƙasa, ba a tsaye ake soka su ba, na ɗan barbaɗa ƙasa a kan gaɓoɓin na danna, tsakanin wannan da wancan kamar santimita 30. Tukunya biyun nan suka ba ni abin da ya kusa cika lungun. Ranar har hoto na ɗauka na tura wa 'yan uwana a WhatsApp ina cika baki.

A Fabrairu na yi wannan aikin. Ban jira damina ba.

Kafin sati biyu gefen ganyen ya fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa ya ƙanƙance kamar an gifta da shi ta kan garwashi. Ina ba da ruwa safe da yamma amma jar ƙasar nan in ta sha rana tauri take kamar bulo, ruwan ya bi ta kai ya gangare kwata, saiwar ciyawar kuma a sama-sama take, ba ta nitsa can ƙasa ta nemo laima, da saman ƙasa ya bushe shi ke nan ta shiga uku. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa wajen uku rana tana tsaye a kan lungun, katangar ma ta ɗau zafi tana mayar mata da shi. Kafin ƙarshen Maris fiye da rabi ya tafi. Maigidan bai ce komai ba, sai dai duk sanda ya wuce ya ɗan yi gyaran murya, wanda wallahi gara ya yi magana.

Wata asuba na fito da buta sai na lura da wani abu. Can ƙarshen lungun akwai famfon da muka sa don alwala, ƙarƙashinsa an zuba 'yar tsakuwa saboda caɓi, kuma tankin ruwa yana yi wa wajen inuwa. Guda huɗu ko biyar ɗin da suka faɗo nan wajen, waɗanda ma don kar su yi asara na soka su, su ne suka yi shar, har sun fara bin gefen tsakuwar suna hawa kan dutsen da ake ɗora ƙafa. Na tsuguna na daɗe ina kallo. Rana tana samun wajen daga fitowarta zuwa kamar ƙarfe goma, daga nan inuwar tanki ta rufe. Ruwa kuma sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, mai tsabta ba sabulu ba omo, kuma ba ya kwanciya saboda tsakuwar tana tsotse shi. Ashe bakin rafin da take nema a Turai shi muka yi mata ba mu sani ba. Ni ina can ina fama da bokiti safe da yamma, ita kuma abin da take so ƙasa ta zauna da danshi yini guda ba tare da ta jiƙe sharkaf ba.

Daga nan na daina faɗa da rana. Na tattara sauran masu rai na mayar da su kusa da famfon da gindin katanga inda inuwa take daɗewa. Na sa yaro ya sassaƙe jar ƙasar, muka gauraya ta da baƙar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu da aka samo min daga wajen abatuwa ta Oko-Oba, wanda ya daɗe ya huce fa, ɗanye ƙona shuka yake. Da ruwan Afrilu ya sauka sai ga ta tana gudu, kullum ka fito ka ga ta ƙara tsawo.

Damina kuma ta zo da nata. Wanda bai ga ruwan Yuni da Yuli a Legas ba bai ga ruwa ba, sai a kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa. Akwai wani ɗan kwari a tsakiyar lungun inda ruwa yake taruwa, na ce ai tunda har cikin tankin kifin ado ake saka ciyawar nan ba abin da zai same ta, kuma da gaske ana sakawa. Amma ruwan da ya kwanta a kan laka cikin zafi ga ganye ya yi cunkus iska ba ta shiga, wannan daban ne. Ƙasan ya fara baƙi yana wari, in ka ja reshe sai ya taho a hannunka lugub. Na cire duk wanda ya ruɓe na zubar, na cike kwarin da yashi, na rage cunkoson da almakashi, aka kuma gyara indararo ruwan kwano ya daina zuba a kanta kai tsaye. Sai dodon koɗi. Kai, waɗannan ban san daga ina suke fitowa ba, da safe sai ka ga ganye duk huji ga sawunsu yana ƙyalli a bango. Ban sa magani ba saboda wajen alwala ne ga yara, da daddare nake fita da tocilan ina tsince su cikin roba, maƙwabciyata Bayarabiya tana dariya wai in bar mata su girma tukuna.

Maganar launi, wadda na saya ita ce mai ruwan zinaren da ake kira Aurea, akwai kuma koriya zalla wadda ita ce ta asali kuma ta fi ƙarfin yaɗuwa. Ita Aurea rana ce take fito mata da ruwan ɗorawar, a inuwa sai ta koma kore-kore kamar ɓawon lemun tsami. To a nan ranar da za ta ba ta wannan launin ita ce kuma za ta ƙona ta, don haka tawa ba ta taɓa yin zinaren Instagram ba, tsakatsaki take, inda ranar safe take taɓawa ya fi haske, gindin katanga ya fi kore. Ni dai a idona hakan ma ya fi kyau da farin bango. Taki kuma ba ta da ci, ɗan abin da na gauraya da farko sai ɗan ƙari sau ɗaya bayan damina.

Surukata ta zo daga gida a watan Agusta lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita, ta fito alwala ta tsaya tana kallon wajen, ta ce ke wannan ana miya da shi? Na ce a'a Hajiya ado ne. Ta ce magani ne? Na ce a'a. Ta yi shiru ta idar da alwalarta, sannan ta ce ikon Allah, ga ƙasa ga ruwa an rasa abin shukawa sai abin kallo, ko alayyahu ai da kin tsinka. Ban iya musu da Hajiya ba, kuma tsakani da Allah tana da gaskiyarta. Kafin ta koma sai da ta sa aka soka mata na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin bokitan fenti aka jera a ɓangaren da rana ta kashe min ciyawa, kuma suna nan sun fi kowa lafiya.

Wani abin mamaki, ciyawar da nake lallaɓawa kamar jinjiri a wasu wuraren annoba ce. A Amurka an kai ta don ado ta tsere daga lambuna ta mamaye dausayi da bakin koguna tana danne tsirran wajen, har jihar Massachusetts ta sa ta cikin shuke-shuken da aka hana sayarwa. A lungunmu zafi yana taka mata birki, amma ko a nan na ga halinta, ta taɓa hawa cikin bokitin na'a-na'ar Hajiya ta kafa saiwa, kuma guntun da ka bari a ƙasa in akwai laima sai ya tsiro. Saboda haka duk wata nake bi da almakashi ina datse bakin, abin da na yanke kuma ba na zubawa a kwata, a kan siminti nake shanya shi ya bushe ƙurmus sannan ya shiga shara.

Taku kuma tana jure kaɗan, mutum ya taka sau ɗaya ya wuce za ta tashi, amma ba ciyawar ƙwallo ba ce, wanda yake son inda yara za su yi guje-guje gara ya nemi kafet giras ɗin da masu fulawa suke sayarwa. Ni faffaɗan duwatsu uku na jera zuwa famfon, na kafa doka a kansu ake bi.

Abu ɗaya da har yau ban gani ba shi ne fure. Can ƙasarsu daga wajen Yuni zuwa Agusta take yin 'yan furanni ruwan ɗorawa kamar ƙananan kofuna, kowane da kunne biyar. Tawa damina biyu ke nan ko ɗaya, ni zargina sanyin da ta saba wucewa ta ciki ne babu, don hunturun Legas ai sunan hunturu kawai ya ci, ɗan hazo ne na 'yan kwanaki da bushewar leɓe.

A ƙarshe mita 2 da ɗan wani abu ta rufe cikin 7 ɗin nan, daga famfo zuwa ƙofar kicin. Bokitan Hajiya sun ɗauki kamar mita ɗaya. Sauran maigidan ya kira birkilansa watan jiya an malale, ban ce uffan ba, sai dai na tsaya a kansu har suka gama don kar ruwan siminti ya gangaro min wajen famfo.