Wa za a fara loda wa?

Tawa, Talata da dare.

Kuran, wato wutar lantarki, bai dawo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, don haka aikin Kawu ya makara yau. Filinsa na wajen Galmi ne nake ginawa a kwamfuta. Manoma na kawo albasa, a tsince, a zuba a buhu, a ɗinke, sannan ƴan dako su loda wa kamiyoyin da za su bi ta Burkina su sauka Kumasi, Akara ko Abijan. Duk kakar albasa kukansa ɗaya ne: motoci na kwana a fili, direbobi na masifa, kaya na shan rana. Shi a ganinsa ƴan dako ne suka yi kaɗan. Na roƙe shi kada ya ƙara ko mutum ɗaya sai na gwada filin a FlexSim tukuna, wata manhaja mai kwaikwayon yadda aiki ke gudana.

Irin wannan manhaja ba ta bin agogo daƙiƙa bayan daƙiƙa. Tsalle take daga wani abu da ya faru zuwa na gaba: mota ta iso, an gama ɗinke tsibin buhuna, ƴan dako sun sauke numfashi. Shi ya sa aikin yini guda ke wucewa a allo kafin shayi ya tafasa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1961 Geoffrey Gordon ya fito da manhajar GPSS a kamfanin IBM don wannan aikin.

Hanyar da aka saba fara koya wa mutum ita ce ya ja layi daga kowane wuri zuwa duk inda kaya za su iya tafiya. A filin Kawu akwai rumfuna 6 da ƙungiyoyin ƴan dako 4. Layi 24 ke nan, ba a ma kai ga motoci ba. In aka ƙara rumfa guda sai an sake jan wasu huɗu, allo ya cika da zare har ba ka gane wanne ya tashi daga ina. Na bar wannan, na koma ga jeri na tarayya, wanda kowane ɓangare na filin ke iya gani, ya sa a ciki, ya kuma ɗauka.

Jeri uku na buɗe. Ɗaya na tsibin buhunan da aka gama ɗinkewa, ɗaya na ƴan dakon da hannunsu ya saki, ɗaya na motocin da ke jira. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kaya ba sa motsi in an sa su a jeri. Buhuna na nan a rumfarsu, sunansu kawai ke shiga, da bayanansu a gefe: na wane manomi ne, manyan albasa ne ko matsakaita, ina za su, tun yaushe suke ajiye. Kamar a tasha ne, kamasho ya rubuta sunanka, kai ka tafi wajen mai shayi ka zauna, ba sai ka tsaya a rana bayan wani ba. Mai ɗauka kuma ba dole ne ya ɗauki na sama ba. Sharaɗi yake rubutawa, cikin salon SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi: a ba ni masu zuwa Abijan kaɗai, a fara da waɗanda suka fi daɗewa.

In babu abin da ya dace da sharaɗin, buƙatar ba ta ɓacewa. Jerin na riƙe ta a rataye, da zarar wani ya sako abin da ya dace sai a miƙa mata. Ashe kowane jeri fuska biyu gare shi, ko dai kaya na jiran mai ɗauka, ko mai ɗauka na jiran kaya. Ana kuma iya cewa mota na son buhu 300 amma in ta samu 250 za ta tashi, wanda shi ne ainihin yadda direbobi ke yi in yamma ta gabato. Akwai wani wuri guda da ke son a kula. Buƙatar da ke rataye ba ta sake duba kanta don kawai lokaci ya wuce. Sai an sako sabon abu a jerin, ko kai ka faɗa wa manhajar lokacin da za ta sake dubawa. In sharaɗinka ya ce sai tsibin da ya yi awa biyar a ajiye, awa biyar ɗin na iya cika kowa na zaune. Na sa ta riƙa dubawa duk lokacin da wata ƙungiya ta gama lodi.

Da azahar ginin ya tsaya da ƙafafunsa, saura abu ɗaya: in motoci uku na jira, ƴan dako suka samu sarari, wacce za su nufa? Manhaja ba ta yarda da "ai an sani". Sai ka rubuta. Na kira Kawu.

"Kawu, wa ake fara loda wa a filinku?"

"Wanda ya riga zuwa mana, ɗana. Wannan ma tambaya ce?"

Na ce to, amma a taimake ni da hoton littafin da ake rubuta motoci. Yaron da ke riƙe da shi ya turo mini shafuka ta WhatsApp. Littafin ƴan lakwal ne, irin mai jadawalin sau a bayansa, gefen takardun ya yi ja da ƙura. Lambar mota, garin da za ta, yawan buhu, lokacin isowa da shuɗin biro, lokacin tashi da ja. Na bi jan biron da yatsa a kan allon waya, sai na ga bai bi shuɗin ba. Wata ƙaramar mota ta iso da asuba, ba ta tashi ba sai washegari, alhali tireloli biyu da suka zo bayanta sun bar filin kafin la'asar. Kusa da lambar kowace tirela akwai ɗan tauraro. Na tambayi yaron, ya yi dariya ya ce ai waɗannan mutanen Alhaji ne, ba a barin su su jira.

To, jerin tarayya dama yana nan a filin tun kafin in kunna kwamfuta, har da sharaɗinsa, sai dai ba a furta shi. Na ƙara gurbin tauraro a jerin motoci, na gwada dokoki uku, kowace na maimaita ta sau da yawa, tunda isowar motoci ba ta da tabbas kuma gudu ɗaya ba ya nuna komai.

Da dokar littafi, masu tauraro da manya a gaba, ƙananan motoci sun sha wahala. A ranar cunkoso wata na iya zama a jeri har a tashi daga aiki, domin duk lokacin da ta kusa sai wata babba ta iso ta sha gabanta. Da na juya, ƙanana a gaba, matsakaicin jira ya sauka sosai. Wannan sanannen abu ne a ilimin layi, fara sallamar mai ɗan gajeren aiki na rage jiran jama'a gaba ɗaya. Amma tirelolin Abijan, waɗanda su ne cinikin Kawu, su suka koma kwana. Ta uku ita ce tauraro ya ba mota maki, jira ma ya ba ta maki da ke ƙaruwa da kowace awa, har mai jira ta wuce mai tauraro. Matsakaicin bai kai na biyu kyau ba, sai dai babu wadda aka manta da ita. Gyaran duk bai wuce canza layi ɗaya na sharaɗi ba. Da layuka 24 ɗin nan ne, da yini guda bai ishe ni ba.

Wani abokina a fada, wanda ya yi karatu a Yamai, kullum cewa yake in bar manhajar masu kuɗi in rubuta a SimPy, wanda ake sarrafawa da harshen kwamfuta na Python, tunda kyauta ne kuma wani ɓangarensa mai suna FilterStore na yin kusan aikin jerin nan. Gaskiya ya faɗa. Amma Kawu ba zai kalli rubutun Python ya gyaɗa kai ba. Sai ya ga kamiyo na juyawa a allo.

Bayan la'asar kuwa sai ga shi, ya shigo Tawa wata ta'aziyya ya biyo. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura, na aza kwamfutar a kan kujera ƴar tsugunne. Ya daɗe yana kallon ƙananan mutanen na ɗaukar buhu, ya ce waɗannan ba su taɓa sa buhun Galmi a wuya ba, da ba su yi wannan saurin ba. Buhun da ya haura kilo 100 ne, da tulin albasa a bakinsa. Na ce masa lokacin da na ba su daga littafinsa na ƙiyasta shi.

Na faɗa masa lissafin John Little na 1961, cewa yawan masu jira daidai yake da yawan masu isowa sau tsawon zamansu: mota 12 a yini, kowace ta yi rabin yini, a kowane lokaci za ka tarar da kamar 6 a fili. Ya ce wannan ko makaho ya sani. Sai na buɗe masa jerin uku gefe da gefe, na bar ranar ta gudana. Jerin ƴan dako kusan kullum da suna a ciki, wato suna zaune. Jerin buhuna kuwa fanko, buƙatun motoci na rataye a kansa. Na ƙara ƙungiya ta biyar a gabansa, layin motoci bai ko girgiza ba. Na mayar da su huɗu, na ƙara masu tsinta da ɗinki, sai layin ya fara narkewa.

Ya yi shiru, ya juya ludayi a kwanon fura.

"Ai kuwa ina ganin su kwance ƙarƙashin mota da rana. Na ɗauka lalaci ne."

Kan tauraro ne muka ɗan ja. Ya ce akwai mutumin da shekarar da albasa ta ruɓe masa a rudu, ma'ajiyar albasa, shi ya ba shi kuɗi ba takarda ba shaida, yanzu don na'ura ta ce sai ya bar motarsa ta bi layi? Ni ban ga laifinsa ba. Ciniki a hanyar nan da amana yake tafiya, kuma babu gurbin da zan buɗe a jeri da zai auna wannan. Abin da na nuna masa kawai shi ne wanda ke biyan kuɗin tauraron: mai ƙaramar mota, da manomin da kayansa ke cikinta. Ya ce a bar tauraro yadda yake, amma duk motar da ta kwana a fili ita ce ta farko da safe, ko ta waye. Na rubuta sharaɗin yana zaune, muka sake gudu. Bai kai dokar maki daidaito ba, amma yaron littafi zai iya riƙe shi a ka ba tare da kwamfuta ba, wanda tawa dokar ba za ta samu ba.

Abin da ya rage shi ne lokacin ɗinki. Littafin bai rubuta shi ba, ƙiyasi na yi, kuma duk maganar da na yi wa Kawu a kansa ta dogara. Ranar Alhamis zan bi motar safe zuwa Tsarnawa in kama ta Galmi, in zauna a rumfa da agogon waya in auna buhu nawa mutum biyu ke tsincewa su ɗinke a awa, da safe da kuma bayan azahar in rana ta take. Kawu ya ce in zo da hula, kuma kada in faɗa wa masu ɗinkin abin da nake aunawa sai na gama.